Kafin a Zauna a Ofishin Direkta

Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Garwa ce, a Hausare aka binne cibiyata, nan aka yi mini aure, nan kuma nake ɗinkin kayan mata a cikin gida. 'Ya'yana biyar, labarin nan kuwa na ƙaramarsu ne, wadda duk gidan muke kira Auta. Abin da ya sa na zauna rubuta shi, matan unguwa in aka aiko musu takarda daga makaranta a kan yaron da ba ya ji sosai, ko ba ya gani sosai, ko karatu ya ƙi zama a kansa, ta wurina suke fara biyowa su ce, "Maman Auta, me zan je in ce?" Amsar ta fi ƙarfin hirar tsaye a bakin ƙofa.

Auta tana da shekara biyar sanƙarau ya kwantar da ita, a ƙarshen hunturu, lokacin da ƙura ba ta gama kwanciya ba zafi kuma ya kunno kai. Mu mutanen arewacin Kamaru mun san ciwon nan, muna cikin zirin ƙasashen da yake bi daga Senegal har Habasha. Tun 2011 aka fara yi mana allurar MenAfriVac, ta kuma yi aiki, sai dai nau'i ɗaya take tarewa, wanda likitoci ke kira A. Sauran ƙwayoyin suna nan. Allah ya tashi kafaɗun yarinya, ta dawo gida tana ci tana sha tana surutunta, amma in ka kira ta daga baya ba ta waiwayowa. Yayyenta suka ce taurin kai ne na 'yar auta. Surukata ta ce iska ce ta shafe ta.

Da muka kai ta gwajin ji, takardar da aka ba mu zane ne mai layi biyu, ja na kunnen dama, shuɗi na hagu. Na hagu ya faɗi can ƙasa, wato ya tafi. Na dama da saura, in an matso kuma an ɗaga murya. Ma'aikacin ya yi mini bayanin da har yau da shi nake yaƙi: ciwon yana lalata wasu ƙananan gashi da ke can cikin kunne masu karɓar sauti, kuma ba sa sake tsirowa. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, maganar mutum ta yau da kullum tana kai kamar 60 in yana kusa da kai, duk sanda nisa ya ninka kuma sai ta ragu da kamar 6. Siraran sautuka irin su s da f da sh su suka fi ɓace mata. Tana jin ana magana, kalmomin ne suke iso mata a gutsure.

Makarantar gwamnati ta kusa da mu aka sa ta. Aji ɗaya da aji biyu, SIL da CP, ta wuce su da kwaikwayo, abin da na gefenta ya rubuta a allonsa shi take rubutawa, in aji ya ɗauki waƙa ta motsa baki. A aji uku, CE1, asiri ya tonu, saboda shifta, inda ba abin da za ka kwafa sai abin da kunnenka ya kama. Aka aiko a kira iyaye. Maigidana, Malam, direba ne, yana hanyar Ngaundare da kaya, sai na tafi ni kaɗai. Na tarar da direkta, wato shugaban makarantar, da Madam malamar ajinsu, wani malami ya shigo neman alli aka ce ya tsaya ya fassara, don Faransancina na wadda ta tsaya a CM2 ne, ajin ƙarshe na firamare. Suka yi magana mai tsawo, mai fassara ya dunƙule mini ita a jimla biyu: yarinya ba ta bin karatu, za ta maimaita aji. Aka ce ko ina da magana, na ce na gode. Ba wanda ya wulaƙanta ni, Madam ma har bakin ƙofa ta rako ni. Amma an zauna a kan 'yata an tashi, ko wurin zamanta a aji ba a canza ba.

Ƙanena ya yi karatun koyarwa a Jami'ar Marwa, yana aiki a Gidar. Da ya zo hutu na ba shi labari. Ya ce, "Yaya, irin wannan zama a wasu ƙasashe doka ce ta tilasta shi." A Amurka tun 1975 aka yi dokar da ta ce kowane yaro mai nakasa a rubuta masa tsarin karatu nasa shi kaɗai, iyayensa suna cikin masu rubutawa, a kuma sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Faransa ta yi irin tata a ranar 11 ga Fabrairu 2005. Mu ma ba a bar mu haka ba, akwai doka mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 a kan kare masu nakasa, wadda ta yi maganar sassauta musu ƙa'idar shekaru a makaranta, da yafe wa marasa hali kuɗin karatu duka ko wani sashi, da koyar da su ta hanyar da ta dace da halinsu. A 2018 Firaminista ya sa hannu a kan yadda za a zartar da ita, ma'aikatar ilimin firamare kuma ta ware makarantu 68 na gwaji inda ake haɗa yara masu nakasa da sauran yara. Tamu ba ta cikinsu. Ya ce, "Ba wanda zai kira miki wannan zama da kansa. Ke za ki nema, ke za ki shirya shi."

Ya sayo mini kaye, wato littafin rubutu, da biro, ya ce in riƙa rubuta abin da nake gani. Da ajami nake rubutawa, hannuna ya fi sauri a nan. Ya hana ni rubuta "ba ta ji", ya ce wannan kowa ya sani kuma ba wanda zai iya yin aiki da shi, abin da ya faru zan rubuta. Na kira ta daga madafa tana tsakar gida ba ta juyo ba, na zagayo ta damanta na kira da murya iri ɗaya ta amsa. In keken ɗinki yana aiki ba ta kama ko kalma. In ana ruwa a kan kwano, haka. In wuta ta ɗauke da dare hira ta ƙare mata, don bakin mutum take kallo. Takan dawo daga makaranta ta zube ta yi barci ko abinci ba ta ci ba, alhali ranar da babu makaranta ba ta barcin rana, ashe wahalar kasa kunne ce take gajiyar da ita. A ɗaya shafin kuma na rubuta abin da ta iya: ita ke lissafa wa masu kawo ɗinki canjinsu ba kuskure, awon da ta gani sau ɗaya ba ta mantawa, tana zana fasalin riga a ƙasa kafin in yanka. Ƙanena ya ce da wannan shafin za a fara a wurin zama, don in aka fara da abin da yaro ya kasa, har a tashi ba a fita daga nan.

Ita kanta na tambaye ta, wata ranar Lahadi ina yi mata kitso, na juyo da ita muna fuskantar juna. Na ce, "Auta, me ya fi ba ki wuya a aji?" Ta ce, "Inna, in Madam ta juya tana rubutu a allo, maganarta sai ta tafi." Ta ce in aka tambaye ta abu ta amsa wani daban, aji ya kwashe da dariya, shi ya sa ta daina ɗaga hannu. Ta ce bencinsu yana jikin tagar da ke kallon hanya, masu mashin suna wucewa. Sannan ta roƙe ni abu ɗaya, kada a tsayar da ita gaban aji a ce ga kurma. Wannan roƙo na rubuta shi na ja masa layi biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai mutumin da ba a taɓa kawowa a lissafi in ana maganar makarantar boko, alhali ya fi kowane malami daɗewa da yaron, wato malamin allo. Na je na durƙusa na gaishe shi na ce, "Allah gafarta Malam, yaya karatun Auta?" Ya ce ai tun da ta dawo daga ciwo ya lura, sai ya riƙa zaunar da ita a gabansa ta ɗan karkato da kunnen dama, yana biya mata tana kallon bakinsa, yatsarta a kan allo. A hadda ta wuce sa'o'inta da yawa. Bai taɓa jin sunan desibel ba, amma abin da ma'aikacin asibiti ya faɗa shi yake yi. Ofishin direkta ba wurin zuwansa ba ne, ya dai ce in faɗa da yawunsa. Ranar na samu hujjar da nake nema, cewa kan yarinyar lafiya lau yake.

Sai na nemi izini na leƙa ajin. Duk uwar da za ta je irin wannan zama ina ce mata ta yi wannan, ko da na ɗan lokaci ne, ta je da sunan gaisuwa, kada ta je da ƙorafi. Na tarar da aji maƙil, bencin da aka yi don uku yana ɗauke da biyar. Auta tana can baya, domin ta maimaita aji ta fi su tsawo, dogaye kuwa baya ake kai su. Madam tana tsayawa a bakin ƙofa don iska, haske yana bayanta, fuskarta ta zama inuwa. 'Yar Kudu ce aka turo ta, Fulatanci kame-kame take yi balle Hausa, muryarta ta dushe tun kafin azahar. A makarantun namu kuma wasu malaman ba albashin gwamnati suke ci ba, ƙungiyar iyaye da malamai ta APEE ce ke biyansu daga abin da muke tarawa, duk da cewa tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati. Duk wanda ya shiga wa irin waɗannan mutane da faɗa, a ganina ɓarnar yawu ya yi. Na kira ƙanena a waya ya fassara, na tambaye ta me ya fi ba ta wahala game da 'yata. Ta yi shiru, da alama ba a saba yi mata wannan tambaya ba. Ta ce ta ɗauka raini ne yarinyar take yi mata, ba a taɓa nuna mata takardar asibiti ba, kuma gaskiya ba ta da lokacin da za ta maimaita darasi don yaro ɗaya. Wannan ma na rubuta, domin ya nuna mini irin abin da bai kamata in roƙa ba.

Zaman da ya fi wuya a cikin gida aka yi shi. Malam ba ya son ya ji an haɗa sunan 'yarsa da nakasa, musamman maganar katin masu nakasa da ma'aikatar walwalar jama'a ke bayarwa. Ya ce gobe in an zo neman aurenta da wannan za a fara. Na bari sai da ya ci tuwo ya huta daga tafiya, na ce, "Malam, katin nan ba zai ƙara mata kurumta ba, rashinsa kuma ba zai dawo mata da ji ba. Amma ran jarrabawa shi za a tambaya." Bai amsa ba a daren. Sai da ya sake wata tafiya ya dawo ya ce in kai ta a ɗauki hoton. Surukata kuma tsoronta kada a ce an bar na Allah an kama na Nasara. Na ce, "Hajiya, rubutu da tofi ba abin da za a fasa, wannan maganar benci ce kawai." Ta ce in dai haka ne ta sa albarka. Muka yi sharaɗi da Malam cewa duk saɓanin da ke tsakaninmu a gida zai tsaya, don in direkta ya ga uba ya yi gabas uwa ta yi yamma, zai ce ku je ku shirya tukuna, kuma da gaskiyarsa. Muka raba aiki: shi zai buɗe da gaisuwa da godiya ya faɗi buƙatunmu, ni in kawo shaida daga kaye.

Takardu sun ci mana lokaci. A gida aka haifi Auta, ba a yi mata rajista a kan kari ba, wa'adi ya wuce, sai ta kotu muka bi kafin a ba ta takardar haihuwa. Ba wannan takarda, ba kati, ba kuma zama jarrabawar gama firamare ta CEP, kuma yara da yawa a nan arewa sai sun kai CM2 ake tuna ba su da ita. Katin yana buƙatar takardar likita da ta rubuta yawan nakasar, sai ta kai kashi 50 cikin 100 ake bayarwa. Kowace takarda na yi mata kwafi, na asali suna cikin leda a ƙasan akwatina, in an ce a gani in nuna in mayar. A ofishin walwalar jama'a na gundumarmu na haɗu da wata ma'aikaciya mai kirki, na roƙe ta ta halarci zaman, ta yarda.

Mai fassara kuma ba kowa ba. Babban ɗana ya fi ni Faransanci nesa ba kusa ba, amma ya yi karatu a ƙarƙashin direktan nan, in ya gan shi har yanzu hannu yake sa wa a baya, ba zai iya maimaita masa maganar da ke da ɗan kaifi ba. Kuma bai dace yaro ya ji ana tattauna ƙanwarsa haka ba. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya na roƙa, mai jin Hausa da Fulatanci da Faransanci. Na ce, "Gwaggo, kowace jimla nake so, tawa da tasu, har wadda ba za ta yi mini daɗi ba." Ta ce ai aikinta ke nan shekara da shekaru tsakanin likita da majiyyaci.

Buƙatun da na tara sun cika shafi. Ƙanena ya sa muka rage su zuwa uku, duka waɗanda ba sa cin ko sefa ɗaya, kuma Madam za ta iya farawa washegari. A dawo da Auta benci na biyu daga gaba, ta ɓangaren hagu na aji nesa da taga, yadda kunnenta na dama zai fuskanci malama da sauran yara. Na biyu muka ce, ba na farko ba, don ta riƙa ganin abin da na gabanta suke yi. Sannan lokacin shifta Madam ta tsaya wuri ɗaya, haske a fuskarta, ta karanta jimla cikakkiya kafin ta gutsuttsura ta, domin kalmomin Faransanci irin su pain da bain da main duk kamanninsu ɗaya a leɓe, jimlar ce kaɗai ke nuna wanne ake nufi. Lambar shafi da aikin gida kuma a rubuta su a allo. Na uku, a ba ta abokiyar zama da za ta riƙa nuna mata inda ake, ita Auta ta zaɓa. A ƙasa muka rubuta abin da mu za mu yi: yayarta za ta riƙa bi mata darasi kowane dare, in Madam ta ba mu sababbin kalmomin mako mai zuwa ran Juma'a za mu koya mata su a gida kafin Litinin. Ya juya duka zuwa Faransanci a shafi ɗaya ya turo ta WhatsApp, aka buga mana a kasuwa, na kai wa direkta da Madam tun kafin ranar, tare da kwafin gwajin ji. Mutum in ka yi masa ba-zata a gaban na ƙasa da shi, a'a ce take fara fitowa daga bakinsa.

Ranar ma sai da muka zaɓa. Juma'a ba ta yiwuwa, makon jarrabawa malamai ba su da hankalin kowa, a Maris da Afrilu kuwa zafin Garwa yana wuce digiri 40, ba mai haƙurin sauraron wani da rana tsaka a ƙarƙashin kwano. Muka nemi Laraba, da ake tashi da wuri, a farkon zangon farko, muka daidaita da ranar da Malam yake gari.

Zaman kansa bai daɗe ba. Malam ya yi gaisuwa ya yi godiya, na karanta shafin abin da ta iya, na faɗi na malamin allo, Gwaggo tana juyawa jimla bayan jimla. Direkta ya kawo abu biyu, kuma duka mun yi tsammaninsu. Ya ce in ya yi wa ɗaya kowa zai nema. Ma'aikaciyar walwala ta buɗe dokar 2010 ta karanta masa wurin, cikin ladabi, ta ce duk wanda ya zo da irin wannan takarda ai ya cancanta. Sai ya ce me zai hana a kai ta makarantar kurame. Wannan tambaya ce ta gaskiya, ban ɗauke ta kora ba. Makarantun kurame sun yi wa Afirka aiki tun da Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya buɗe ta farkonsa a Ghana a 1957, kuma yaron da aka haifa ba ya ji ko kaɗan, in aka ajiye shi a aji irin namu ba mai yi masa maganar hannu, an zalunce shi. Malam ya ce Auta ta riga ta iya magana kafin ciwo, tana da sauran ji, muna so a gwada waɗannan ukun zango ɗaya a gani, maganar hannu kuma muna nema mata mai koya mata ko don gaba. Direkta ya ce to a gwada.

Aikina a sauran zaman tambaya ɗaya ce. Duk abin da aka ce za a yi sai in ce, wa zai yi, kuma yaushe? "Za a duba" ba ta shiga kayena. Aka rubuta komai a bayan takardar, har da roƙon Auta na kada a yi shelarta a aji, kowa ya sa hannu, direkta ya buga hatimi, na ɗauki hotonta da waya tun kafin mu miƙe. Muka sa ranar zama na gaba a wurin, bayan sakamakon zangon farko.

Cikin buƙatun ukun, biyu sun zauna, ɗaya ta rushe. Benci ya canza, shifta ta bar sifili ta fara hawa a hankali, Madam da kanta ta ce tsayawa wuri ɗaya ya rage mata ciwon maƙogwaro. Abokiyar zama ce ta gaji, uwarta ta aiko cewa ba aikin koyarwa ta kai 'yarta ba, kuma ban ga laifinta ba. A zama na biyu aka mai da su biyu suna karɓa-karɓa mako-mako.

Daga baya na kwashi adashi, 'yan'uwa suka cika, aka saya mata na'urar ƙara ji ta kunnen dama. Ita ma ta zo da nata batun da sai an zauna. Batirinta ɗan ƙarami ne, da an ɓare takardar da ke bayansa ya fara ci ko ana amfani da shi ko ba a yi, in ya mutu tsakiyar darasi kuma yarinya ta koma inda ta fito. Ƙurar hunturu da gumin bazara suna toshe ta. In kunne ya girma robar da ke shiga ciki ta yi sako-sako sai ta riƙa fito, yara su yi ta waige. Aka rubuta cewa batirin ajiya yana aljihun teburin malami, Auta kuma tana da izinin tashi ta canza ba sai ta nemi izini da baki ba. Na kuma yi wa malamai bayanin cewa na'urar tana ƙara hayaniyar aji kamar yadda take ƙara muryarsu, don haka maganar benci tana nan daram.

Kowace Satumba sabon malami, wani lokaci ma sabon direkta, don canjin wurin aiki ba ya ƙarewa. Nan takarda mai hatimi take amfani, ba sai na faro labari daga sanƙarau ba. A aji biyar, CM1, aka ba su malami namiji, wanda muke kira Mushe da Faransanci, mai ƙoƙari ƙwarai, amma yana koyarwa yana zagaya aji, ga gashin baki ya rufe masa leɓe. Auta ta ce ba ta ganin komai. Na kai wa Malam, ya ce shi kam ba zai iya kallon namiji ɗan'uwansa ya ce masa ya rage gashin baki ba. Gwaggo ce ta faɗa a wurin zama, da wasa irin na tsofaffi, ta ce jikanyarta da ido take ji kuma an sa mata labule. Mushe ya yi dariya har da buga tebur. Litinin ya zo ya rage.

Bana tana CM2, ga CEP ga jarrabawar shiga aji na farko na sakandare, kuma a ɗakin jarrabawa baƙin malamai ne za su tsare su, waɗanda ba su taɓa ganinta ba, har da mai karanta shifta. Shirin da nake yi yanzu ke nan. Mun rubuta takarda zuwa ga insifektan ilimin firamare na gundumarmu ta hannun direkta, da kwafin kati da sabon gwajin ji, muna neman a zaunar da ita gaba, a bar mata na'urarta a kunne kada a ɗauka ta satar amsa ce, mai karanta shifta kuma ya fuskance ta. Ina so ta isa tun kafin a rufe rajista.

Tun bara Auta take shiga zaman da kanta, ta yi maganarta a farko sannan ta fita a ci gaba. Kayen ma yanzu rabinsa rubutunta ne, da Faransanci, sai ta karanta mini. A makon jiya ta rubuta tambayar da take so a yi wa direkta: a sakandare kowane darasi da malaminsa, to da wanne za a zauna, kuma wa zai gaya wa sauran? Na sa ta a saman takardar zaman da ke tafe, gaban maganar CEP.